Koya wa Yaro Buga Rubutu a Kwamfuta Ba Tare da Kallon Madannai Ba

Yara da yawa sun iya latsa waya tun ba su shiga firamare ba, har iyaye su riƙa alfahari da cewa ɗansu ya san na'ura. Amma a zaunar da wannan yaron gaban kwamfuta a ce ya buga shafi guda, sai a ga ya sunkuyar da kai yana laluben haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. Kafin ya gano inda harafin yake, abin da yake son faɗa ya tsere masa. Latsa waya daban, buga rubutu daban.

Tun 2015 duk mai zana jarrabawar JAMB ta shiga jami'a a kwamfuta yake zana ta, ita ma WAEC ta soma gwada hakan da ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Gaskiya ce, amsa tambayar zaɓi ba ta buƙatar yatsu goma, madannai kaɗan sun isa. Sai dai yaron da hannunsa ya saba ba ya shiga ɗakin jarrabawa yana ɗari-ɗari da na'urar, kuma bayan jarrabawa akwai kundin kammala digiri, da takardar neman aiki, da aikin ofis, waɗanda in bai iya ba sai ya biya wani a shagon buga takardu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tsarin haruffan da ake kira QWERTY ya samo asali daga tafiretar da Christopher Sholes ya ƙera a Amurka, wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. A 1888 wani akawun kotu mai suna Frank McGurrin ya lashe gasar saurin buga rubutu a birnin Cincinnati, yana bugawa ba ya duban madannai domin ya haddace wurarensu. Labarin ya bazu a jaridu, ya kuma taimaka wajen yaɗa wannan salon.

Ga yadda abin yake. Ka sa yaro ya shafa harafin F da na J, zai ji ɗan tudu a kan kowanne. Ba ado ba ne, alama ce da aka yi domin yatsa ya gane wurinsa ba sai ido ya nuna masa ba. Manuniyar hagu tana zama a kan F, sauran yatsu uku su jeru a kan D da S da A. Manuniyar dama tana kan J, 'yan uwanta su hau K da L da madannin da ke gefen L. Babban yatsa aikinsa ɗaya ne, doguwar sandar da ke ba da tazara tsakanin kalmomi. Wannan layi na tsakiya shi ne gida. Kowane yatsa yana da haruffansa a sama da ƙasa, ya je ya taɓa ya dawo gida. Da yawan maimaitawa hannu ke riƙe hanyar da kansa, kamar tela da ba ya duban ƙafarsa yana taka keke, idonsa na kan bakin allura.

A nan ne iyaye suka fi kuskure: suna neman sauri tun ranar farko. Yaron da aka matsa wa ya yi sauri zai koma kallon madannai, domin a makonnin farko leƙe ya fi sauri. In ya saba da leƙen, raba shi da shi ya fi koya masa daga farko wuya. Don haka a bar shi ya tafi a hankali, muddin yana buga daidai kuma idonsa na kan allon kwamfuta. In ido ya ƙi zama, a lulluɓe masa hannu da ɗan kyalle, a liƙa zanen madannai a bango inda zai riƙa dubawa. Minti goma zuwa sha biyar kullum sun fi awa biyu ranar Asabar amfani. Kuma kada a mai da abin horo. Yaron da ake tsawata wa a kan kowane kuskure, yatsunsa sandarewa suke yi.

Shekara bakwai ko takwas lokaci ne mai kyau na farawa, sa'ad da ya iya karatu kuma yatsunsa suka kai su miƙe zuwa layin sama. A duba zamansa: ƙafa a ƙasa ko a kan ɗan akwati, baya a miƙe, allon daidai da idonsa. Ba dole sai an sayi kwamfuta mai tsada ba, tsohuwa ta hannu ma ta wadatar. Akwai manhajoji na kyauta irin su Tux Typing da Klavaro, waɗanda da an sauke su sau ɗaya ba sa buƙatar data.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finland a 2016 ya gano cewa wasu da suka koya da kansu, masu amfani da yatsu kusan shida, suna kamo masu yatsu goma a sauri. Abin da masu saurin suka yi tarayya a kai shi ne, kowane harafi da yatsa ɗaya suke buga shi kullum, kuma hannunsu ba ya yawo a kan madannai. A ganina darasin shi ne kada uba ya tayar da hankalinsa don ƙaramin yatsan yaro ya ƙi kai wa harafin Q. Sabo da daidaito su ne jigo, sauran a hankali za su zo.

Iyaye a Nijar su lura cewa yawancin kwamfutocinsu na tsarin Faransa ne, wato AZERTY, inda hannun hagu ke zama a kan Q da S da D da F, na dama a kan J da K da L da M. A saita manhajar ta dace da abin da ke gaban yaro, in ba haka ba a rikita shi.

Saura matsalar da ta shafe mu duka. Babu ɓ da ɗ da ƙ a kan madannan da ake sayarwa a kasuwa, shi ya sa ake ta rubuta "kasa" alhali "ƙasa" ake nufi. Windows yana da tsarin madannai na Hausa da za a iya ƙarawa daga saituna. Idan yaronka ya fara sakin hannu, ka ƙara masa shi, ka ba shi tatsuniya ko wasiƙa zuwa ga kakarsa ya buga da Hausa, kowane harafi da lanƙwasarsa.