Kifin Ƙasar Zafi a Ruwan Ƙanƙara

Yau zancen kifi za mu yi, kifin ƙawa, ƙananan nan masu launi-launi da ake ajiyewa a falo cikin akwatin gilashi. A Turai da Arewacin Amurka gidaje da dama suna da su, kuma akasarinsu daga ƙasashen zafi aka kwaso su. Idan mai su ya gaji, ko tashi ya kama shi, tausayi yakan hana shi kashe su, sai ya kai su kududdufin unguwa ya juye, ya koma gida yana ganin ya yi aikin lada. To, suna kai labari idan sanyi ya sauka?

Galibi ba sa kaiwa. Kifi ba ya ɗumama jikinsa, yadda ruwa yake haka jininsa yake. Masu kiwon tarwaɗa a Jos sun san yadda kifi ke yanke cin abinci da hunturu. Karfasa, da zarar ruwa ya sauko wajen digiri 10, ta fara mutuwa. Kududdufi kuwa a Kanada samansa daskarewa yake yi, ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙarar bai wuce digiri 4 ba. Kifin zai daina ci, ya kasa motsi, cuta ta kama fatarsa, ya mutu a hankali. Ko a Florida, da ba a san ta da sanyi ba, sanyin watan Janairun 2010 ya hallaka baƙin kifaye ba iyaka.

Amma akwai wani wuri da ya ɗaure mini kai, kuma nan nake so mu zauna. Sunansa Banff, a lardin Alberta na Kanada, cikin duwatsun Roki. Sanyin wurin yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Ku sake ji, 30 ƙasa da sifili. A 1883 wasu ma'aikatan layin dogo su uku suka ci karo da wani kogo mai ruwan ɗumi a gindin dutse, kuma dalilin wannan ruwa ne aka keɓe wurin a 1885, ya zama mafarin gandun daji na ƙasa na farko a Kanada. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya san irinsa: daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa da ɗuminsa, rani da damina. Ruwan yana gangarawa cikin wata fadama, ya hana wani ɓangarenta daskarewa.

A 1924 aka zuba wa fadamar wani ɗan kifi mai cin tsutsar sauro, don masu yawon buɗe ido su huta da cizo. Daga baya masu kiwon kifin ƙawa suka riƙa sako nasu. Wasu sun mutu, wasu sun zauna sun hayayyafa. A cikin waɗanda suka zauna har da wani ɗan uwan karfasa, ja, mai ɗigo-ɗigon shuɗi masu walƙiya, wanda asalinsa daga nan Afirka ne. Kifin kogunanmu, jama'a, yana iyo dusar ƙanƙara na zuba a kansa!

Abin sha'awa ne, na yarda. Sai dai fadamar nan da mai ita. A da akwai wani ɗan kifi mai dogon hanci, tsawonsa bai kai yatsa ba, wanda duk duniya babu inda ake samun irinsa sai a wannan ruwa. Baƙi suka zo suna cin abincinsa, suna cin ƙwansa. Ruwa mai sinadarin kulorin daga wurin wankan da aka gina ya ƙara masa wahala, ga kuma barbara da wani danginsa da ke kogin kusa, har asalinsa ya narke. A 1987 aka sanar ya ƙare. Ya ƙare ƙaf, babu ko ɗaya. Wannan abu yana ci mini rai, domin waɗanda suka sako kifayen nan ba mugunta ce ta kawo su ba.

Lokaci na hararar mu, bari in yi sauri. A Jamus, yamma da birnin Kolon, akwai rafin Gillbach da wata tashar lantarki mai ƙona kwal ke zuba wa ruwan ɗumi. Nan ma kifayen ƙawa da dangin karfasa sun samu wurin zama. An tsara daina ƙona kwal a yankin zuwa 2030, kuma ranar da ruwan ya huce, zamansu ya zo ƙarshe.

Sai jan kifin nan mai ruwan zinariya da yara ke so. Shi ba ɗan ƙasar zafi ba ne, daga Sin yake, kuma ƙanƙara ba ta dame shi ba. Idan iska ta ƙare a ruwa, jikinsa yakan mai da gubar da ta taru ta zama barasa, ya fitar da ita ta gaɓar numfashinsa, ya jira ƙanƙara ta narke. A 2021 hukumar garin Burnsville a jihar Minnesota ta fito tana roƙon jama'a su daina zuba shi a tafki, bayan an kamo wasu da suka yi girman ƙwallon ƙafa suna tumɓuke ciyayin ƙasan ruwa.

A nan za mu dakata.