Kare da Kajin Gida: Halin Dabba da Dabarun Tsaro

Gabatarwa

A Ɗan Isa ta ƙasar Ƙauran Namoda, da sauran garuruwan arewacin Zamfara kamar su Shinkafi da Zurmi, da wuya a sami gidan da babu kaji ko zabi a cikinsa. Galibi dukiyar mata da yara ce, kuma ita ce asusun da ake fasawa idan an tashi sayen magani ko littafin makaranta. Kaza takan yi kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe, sannan a shafe watanni ana rainon ƴan tsaki. Amma karen maƙwabci guda ɗaya yana iya ɓata wannan wahala duka kafin a idar da sallar Asuba. Idan haka ta faru, akan yi asarar dukiya, wani lokaci har da zumunci. Sanin halin kare shi ne matakin farko na magance wannan matsala.

Me ya sa kare yake bin kaji?

Masana kimiyyar halittu sun tabbatar da cewa kare ya samo asali ne daga kerkeci, kuma ya fara zama da ɗan Adam tun fiye da shekara 15,000 da suka wuce. Duk da wannan daɗewa, bai rabu da ɗabi'ar farauta ba. Ɗabi'ar tana bin matakai a jere: ya shinshina, ya laɓaɓa, ya kora, ya cafke, ya girgiza. Abin da yake tayar da ita shi ne ganin ƙaramar halitta tana gudu. Kaza kuwa idan ta firgita sai ta ruga tana kaɗa fukafukai tana kyarkyara, wannan kuma shi ne ainihin abin da yake ƙara zuga kare. Da ya kashe ɗaya, sai motsin ta biyu ya ja hankalinsa. Shi ya sa akan tarar da kaji da yawa a mace ba tare da an ci ko ɗaya ba, domin ƙosasshen kare ma yakan yi wannan ɓarna.

Bugu da ƙari, kare ya fi kaza kayan aikin dare. A bayan idonsa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, wanda shi ne yake sa idon ya yi ƙyalli idan an haska shi da tocila, yake kuma ba shi damar gani cikin ɗan duhu. Kaza ba ta gani sosai da dare, don haka takan lafe wuri ɗaya. Hancin kare kuwa ya ninka na mutum ƙarfi nesa ba kusa ba, yana jin warin mushe ko fasasshen ƙwai daga bayan katanga.

A tabbatar da mai laifi

Kafin a ɗora wa karen wani laifi, ya kamata a duba alamu, domin kaza tana da abokan gaba da yawa. Shirwa da shaho sukan sure ƴan tsaki da rana a fili. Muzuru yakan ɗauki ɗan tsako ya tafi da shi maɓoyarsa. Maciji yakan haɗiye ƙwai. Ɓarawo ba ya barin ko gashi. Shi kuwa kare yakan bar gashin kaza a warwatse, da rauni a baya ko a wuya, da sawun ƙafa mai yatsu huɗu wanda farata suka fito a cikinsa. Sawun kyanwa ba ya nuna farata, saboda tana janye su idan tana tafiya. Ɗalibi yana iya share ƙofar akurki da yamma ya barbaɗa toka ko lallausan yashi, da safe ya karanta sawun wanda ya ziyarci wurin.

Hanyoyin tsaro

Hanya ta farko ita ce akurki mai ƙwari. A gina shi da laka ko katako, a yi masa ƙofar da take rufuwa gam, a kuma saba wa kaji da shiga kafin magariba ta hanyar watsa musu tsaba a ciki. Tun da mafi yawan ɓarna da dare ko da sassafe ake yinta, wannan kaɗai yana rage asara ƙwarai.

Ta biyu ita ce shinge. Dangar kara ko zana tana hana gani, amma kare yakan tona ƙarƙashinta ya shige. Idan da hali, a kewaye wurin kaji da ragar waya mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, a binne gindinta kimanin santimita 30 cikin ƙasa. Wanda bai da kuɗin waya sai ya jera duwatsu a gindin danga, ya jibga ƙayar magarya ko ta bagaruwa, ya kuma toshe rariya da sandunan ƙarfe, domin ita ce mashigar da aka fi mantawa da ita.

Ta uku ita ce kawar da abin da yake janyo kare. Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya sami lambar Nobel a 1904, ya nuna cewa kare yana danganta alama da abinci. Karen da ya taɓa samun hanjin kaza a bayan wani gida zai riƙa komawa can, kuma Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Saboda haka a binne mushe da kayan ciki a rami mai zurfi. Yin hakan yana kuma hana kare jan gawar kazar da annoba ta kashe daga gida zuwa gida, musamman da hunturu lokacin da cututtukan kaji suke yawaita.

Haɗarin guba da haukan kare

Wasu sukan zuba guba a nama su ajiye. Wannan kuskure ne babba, domin guba ba ta zaɓe: tana iya kashe yaro, ko akuya, ko kajin da ake son tsarewa. Angulun da ta ci gawar karen ita ma mutuwa za ta yi, alhali tun 2015 aka sanya angulun cikin gari a jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa.

Haka kuma kada yaro ya yi ƙoƙarin ƙwace kaza daga bakin kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti nan take don allura. Louis Pasteur ne ya fara gwada wannan rigakafi a kan mutum a Faransa a 1885. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa rigakafin da ake yi wa karnuka. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, ana iya katse yaɗuwar cutar.

Kammalawa

Mafarauci da makiyayi da mai gadin gida duk suna da buƙatar kare, don haka ba za a raba gari da shi ba. Abin da ya rataya a wuyan mai kare shi ne ya ciyar da shi, ya ɗaure shi lokacin da ake sakin kaji, ya kai shi wurin malaman dabbobi a yi masa allura. Dukansa bayan ya riga ya yi ɓarna ba ya koya masa komai, domin ba ya iya danganta dukan da abin da ya wuce. Mai kaji kuma ya fara yi wa maƙwabcinsa magana cikin mutunci, in abin ya faskara su je gaban mai unguwa a sasanta a biya diyya. Malamai kuwa suna iya sa ɗalibansu su ƙidaya kajin da aka rasa a unguwarsu cikin wata guda tare da dalilin kowace asara, domin da irin wannan ƙididdiga ce za a san abokin gabar da ya fi cancanta a fara yi wa shinge.