Amalanke a Bayan Babur

Da kaka, a hanyar Kanya Babba zuwa Babura, nakan ga matasa sun ɗaure amalanke a bayan babur da igiya. Ban ga laifinsu ba, kuɗin mota ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Sai dai amalanke ba shi da birki, kuma buhu biyu na gero sun fi Boxer nauyi. Da zarar an taka birki, kayan ne ke ingiza babur.

A ganina, gara mai walda ya haɗa mariƙin ƙarfe mai juyawa, a ƙara da sarƙa. A jera buhuna ƙasa-ƙasa, nauyinsu ya ɗan rinjaya gaban tayoyi, domin nauyin baya ke sa amalanke lilo. Bayan magariba kuwa, in babu jar fitila a bayansa, a haƙura sai safiya.