Kafin Ka Ɗora Fulogin: Maganar Bit 16, Bit 24 Da Jan Layi A Sutudiyon Gida

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda 'yan'uwan da data ba ta isa su saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a natse suna gwadawa a kwamfuta.

Shirin yau tambaya ce ta haife shi. Wani ɗan'uwa ya rubuto mana daga Zariya, ya ce ya sayi makirfo mai kyau, ya loda fulogin sun fi ɗari a kwamfutarsa, amma da zarar mawaƙi ya ɗaga murya sai ya ji sautin yana karcewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ya ce wani ya ba shi shawara ya koma bit 32, wani kuma ya ce a'a, fulogin ɗinsa ne ba 'yan bit 64 ba. Shi dai kansa ya ɗaure.

To ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne. Ni kaina na sha wannan ruwan.

Shekarun baya, lokacin ina farkon koyo, aka kawo min aikin waƙar biki. Ranar Laraba muka ɗauki murya, kamu ranar Asabar. Ni a lokacin tunanina shi ne, in mitar sauti ba ta kusa taɓa ja ba to ban yi aiki ba. Na murɗe gen ɗin saun kad sosai. Mawaƙin yana baitoci lafiya lau, amma duk inda ya zo kiran sunan amarya sai ya ware murya, mita ta buga ja. Na gani fa, na ce ai ba komai, fulogin zai gyara. Ya gama ya hau mota ya tafi garinsu. Na kwana biyu ina ɗora wannan ina sauke wancan, sunan amarya yana nan a fashe. Ƙarshenta da kuɗina na biya masa mota ya dawo ranar Juma'a da daddare muka sake ɗauka. Ribar aikin gaba ɗaya ta tafi a kuɗin mota da man janareta. Daga ranar na zauna na nemi sanin mene ne wannan bit ɗin da ake ta faɗa.

Bari mu fara daga tushe. Idan mawaƙi ya yi waƙa a gaban makirfo, saun kad ɗinka yana auna ƙarfin sautin ne yana rubuta shi da lamba. Sau nawa yake aunawa a daƙiƙa ɗaya? Wannan shi ne lambar nan da kake gani, 44,100 ko 48,000. Ba ita muke magana yau ba, sai dai ka riƙe cewa aikin bidiyo da fim 48,000 ake amfani da ita. Abin da muke magana shi ne, kowane awo guda ɗaya, da wane irin ma'auni ake yin sa? Wannan shi ne zurfin bit.

Bit 16 yana da matakai 65,536. Bit 24 yana da matakai 16,777,216, wato ninki 256 ke nan. Ka ɗauka kamar ciniki ne a kasuwa. Kaya ya kama naira 470, mai shago ya ce babu canji, ko ka bar masa 30 ko ya bar maka 20. Amma in tiransifa za ka yi, har kwabo za ka iya turawa daidai. Kwamfuta ma haka take yi, in ƙarfin sauti ya faɗo tsakanin mataki biyu sai ta tura shi ga wanda ya fi kusa. Wannan ɗan canjin da ake cinyewa shi ne yake zama wata 'yar ƙara can ƙasa. Yawan bit, ƙanƙantar canjin da ake cinyewa.

Lissafin mai sauƙi ne. Kowane bit ɗaya yana ba ka kusan desibel 6. Don haka bit 16 ya kama kusan desibel 96, bit 24 kuma kusan 144. To a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna zaton bit 24 yana ƙara wa sauti ƙarfi ne, ko yana hana shi fashewa. Ko kaɗan. Ka ɗauke shi kamar rijiya biyu. Bakinsu ɗaya ne, shi ne sifilin da ke saman mitarka. Abin da ya bambanta su zurfi ne, wato nisan da ke tsakanin baki da lakar da ke ƙasa. A bit 16 lakar tana desibel 96 ƙasa da baki, a bit 24 tana can 144. Amma ruwa in ya wuce baki, a kowace rijiya zubewa zai yi. Sautin da ya wuce sifili a lokacin shiga saun kad, an sare kansa, kuma abin da aka sare ba a rubuta shi a ko'ina ba. Akwai fulogin masu ƙoƙarin cike gurbin, amma kintace suke yi, ba dawo da asali ba.

To mene ne amfanin bit 24 ɗin ke nan? Amfaninsa shi ne ya ba ka damar ja da baya daga bakin rijiya ba tare da ka taka laka ba. Misali ka saita gen yadda ƙarshen ihun mawaƙi ba zai wuce -12 ba. Ka bar bit biyu ke nan ba ka yi amfani da su ba. A bit 24 saura 22, kusan desibel 132, har yanzu ka fi mai bit 16 da ya cika mitarsa maƙil. Kun ga ashe babu dalilin da zai sa mutum ya riƙa wasa da jan layi.

Abin da nake yi yanzu, kuma nake ba kowa shawara: kafin a fara ɗauka, ka ce wa mawaƙi ya yi maka wurin da ya fi ɗaga murya a waƙar, ba “tes, tes, wan tu” ba. Ka saita gen yadda yawancin muryar za ta riƙa yawo wajen -18, in ya ware kuma kada ta wuce -10 zuwa -6. In ya ce ba ya jin kansa, hedfon ɗinsa za ka ƙara wa ƙarfi, ba gen ba. Wannan kaɗai ya isa ya magance matsalar ɗan'uwanmu na Zariya.

Sannan mu gaya wa kanmu gaskiya. A ɗakunanmu, ƙarar da take damun rikodin ba daga bit take zuwa ba. Fanka ce, janaretan maƙwabta ne, hon ɗin adaidaita ne. Waɗannan sun fi lakar bit 16 ƙarfi nesa ba kusa ba. Bit 24 ba zai kashe maka janareta ba, sai ma dai ya ɗauko maka shi tsaf. Kashe fanka na minti biyar, rataya bargo, matso da mawaƙi kusa da makirfo, waɗannan sun fi sabon fulogin amfani.

Yanzu mu shiga cikin kwamfuta. Da zarar murya ta shiga FL Studio ko Cubase ko Ableton, lissafin da ake yi a ciki ba da bit 16 ko 24 ake yin sa ba. Ana yin sa da wani tsari da za ka ga an rubuta 32-bit float, mu kira shi bit 32 mai shawagi. Shi wannan bakin rijiyarsa motsawa yake yi, faɗinsa a lissafi ya haura desibel 1,500. Shi ya sa za ka ga layin ganga ya yi ja a cikin miksa amma ba ka ji ya fashe ba, kana sauke shi ya dawo daidai. Amma fa wannan sassaucin a ciki kawai yake. Ƙofa biyu ce ba ta da sassauci: ƙofar shiga, wato saun kad lokacin ɗauka, da ƙofar fita, wato babban layin masta lokacin da za ka fitar da waƙa. Don haka wanda ya ce maka ka sa bit 32 a manhaja don kada murya ta fashe, alhali saun kad ɗinka ɗan bit 24 ne, bai taimake ka ba. Akwai na'urorin da aka ƙera musamman don haka, irin su Zoom F3 mai ma'auni biyu a ciki, amma ba su ne a teburin yawancinmu ba.

Wani zai ce, tunda ciki ba ya fashewa, me zai sa in damu da ƙarfin da nake tura wa fulogin? Dalili biyu. Na farko, fulogin da yawa, musamman masu kwaikwayon tsofaffin injinan sutudiyo, an gina su ne su fi daɗi in sauti ya shige su wajen -18. In ka tura musu mai zafi za su ƙazanta shi da gangan, domin haka injin na asali yake yi. Na biyu, kunne maƙaryaci ne. Duk abin da ya fi ƙara, kunne zai ce ya fi daɗi. Ka ɗora ikwalaiza, ya ƙara desibel 3, ka ce kai, wannan fulogin ɗin ya yi. Alhali ƙara kawai ya ƙara. Gwajin shi ne, ka daidaita ƙarfin fitarsa da na shigarsa, sannan ka kashe ka kunna. In ba ka ji ya fi ba, sauke shi, ko nawa ka saye shi.

A kula da kwamfiresa kuma. Aikinsa shi ne ya danne wuraren da suka yi ƙarfi, sannan kai ka ɗaga gaba ɗaya. In ka danne desibel 10 ka mayar da 10, to fankar da ke bayan mawaƙi ita ma ta samu ƙarin 10. Haka Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997 kuma yau kusan babu waƙar fim ɗinmu da ba a ji shi. Shi murya ɗaya tsaftatacciya yake so ya bi. In ta zo masa a fashe, ko kiɗa yana yoyo daga hedfon, sai ya riƙa tsalle yana kama abin da ba shi ba. Ka sa shi a farkon jeri, ka ba shi maɓallin waƙar daidai, amsa-kuwwa kuma ta zo a ƙarshe.

Sai maganar fulogin ɗan bit 32 da ɗan bit 64. Jama'a, wannan suna ne ya zo ɗaya, amma ba dangi ba ne. Ba maganar sauti ba ce sam, maganar yadda aka gina manhajar ce da yawan ƙwaƙwalwar kwamfuta da za ta iya amfani da ita. Manhajar bit 32 ba ta iya wuce kusan giga 4. Shi ke nan. Tsarin VST ɗin nan kamfanin Steinberg ne ya fito da shi a 1996, kuma tsofaffin fulogin da yawa 'yan bit 32 ne. Cubase ya daina karɓar su tun Cubase 9 a 2016, Ableton Live 10 ma haka, kwamfutocin Apple kuma suka rufe ƙofar gaba ɗaya a 2019. FL Studio a Windows yana da wata gada da yake haɗa su da ita, sai dai takan ci ƙarfin kwamfuta. Don haka in tsohon fulogin ya ƙi fitowa, ga dalili. Amma ba zai sa murya ta yi daɗi ko ta lalace ba.

Na ƙarshe, fitar da waƙa. In za ka tura wa wani ya yi maka miksin ko mastarin, fitar da WAV a bit 24 ko bit 32 mai shawagi, ba limita a kan masta. Kada ka ji tsoron nauyi: minti ɗaya na sitiriyo a 44,100 kusan mega 10 da rabi ne a bit 16, kusan mega 16 a bit 24. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil ɗin dokumen. Sannan a sani, mayar da MP3 zuwa WAV, ko bit 16 zuwa 24, ba ya dawo da komai. Ka zuba ruwan kofi ne a cikin randa.

In kuma waƙa ta kammala ana son ta a bit 16, wanda shi ne ma'aunin faifan CD tun fitowarsa a 1982 kuma ya wadatar wa mai sauraro, to a nan ne za ka kunna abin da ake kira dita. Wata 'yar ƙara ce siririya da ake zubawa kafin a rage bit, don canjin da za a cinye kada ya fito kamar karcewa a wuraren da sauti yake yin ƙasa, kamar jelar amsa-kuwwa a ƙarshen waƙa. Sau ɗaya ake sa ta, a ƙarshen komai, bayan limita. Limitan kuma ka tsayar da rufinsa a -1, domin Spotify da YouTube da Audiomack za su matse fayil ɗin, kuma matsewar takan ɗan ɗaga kan sauti. Ka ajiye kwafin bit 24 ɗinka a wuri biyu, wata rana za ka neme shi.

Aikin gida na wannan makon: ka ɗauki baiti ɗaya sau biyu, ɗaya yadda ka saba, ɗaya kuma kada ya wuce -10. Ka daidaita ƙarfinsu ka saurara ido a rufe, ka zo ka faɗa mana abin da ka ji a ƙasan wannan rubutu. Ɗan'uwa na Zariya, muna jiran naka musamman.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu taɓa maganar jinkirin da mawaƙi yake ji a hedfon, da yadda ake rage shi a ƙaramar kwamfuta. Wanda ya amfana ya tura wa abokin sana'arsa. Allah Ya sa albarka a nema. Mu kasance lafiya.