Farfaɗiya Ba Ta Raba Ta Da Tabarmarmu Ba



Duk ranar zubi a unguwarmu nan Gure, akwai wata ƴar'uwarmu da ke rigan kowa zuwa, ita ce ma ke shimfiɗa tabarma. A hannunta ɗaya daga cikin makullai uku na akwatin asusu yake. Tun tana budurwa take fama da farfaɗiya, kuma ta yarda a ba da labarinta ba tare da an kama suna ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai a da shi ne gudun ta da ake yi. An ware mata kwano da moɗa, wai miyanta zai shafa wa wani ciwon. Wasu kuma suka ce iska ce. Biki da suna duk ta daina zuwa, don tsoron kada ta faɗi a bainar jama'a.

Gaskiyar magana, farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukarta ta miyau, ko taɓa jiki, ko cin tuwo kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kuma har 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha ba fashi. Ɗaya daga cikin magungunan shi ne fenobarbital, wanda aka fi sani da Gardénal.

Da ta nemi shiga ƙungiya, wasu sun yi gunaguni, amma shugaba ta tsaya mata. Daga asusun taimako aka ba ta kuɗin mota zuwa babban asibitin Damagaram, likita ya duba ta, ya ɗora ta kan magani. Yanzu maƙwabciyarta ke leƙowa bayan isha'i ta tuna mata ƙwaya. Ciwon bai tafi duka ba, amma sai a yi watanni bai kada ta ba.

In ka tambaye ta me ke faranta mata rai, ƙananan abubuwa take lissafawa. Sanyin safiya, tana zaune tana saƙar tabarmar kaba kafin rana ta yi zafi. Ƙunshin lalle da ƙawaye daren Salla. Ƙirga kuɗin zubi da ƙarfi, mata na amsawa. Ranar da ta fi tunawa kuwa ita ce ranar rabon asusu, da wata dattijuwa ta jawo ta, suka sa hannu cikin kwano ɗaya, ba wadda ta janye.

Tana kiyaye kanta. Ba ta girki sai da wani kusa, ba ta zuwa rijiya ita kaɗai, ba ta wasa da barci. Maƙwabciya ta ɗebo mata ruwa, ita kuma ta yi mata kitso.

In ciwon ya kada wata a gabanku, ku janye ta daga wuta ko ruwa, ku tara mata zane a ƙarƙashin kai, ku juya ta ta kwanta a gefe. Kada a danne ta, kada a sa mata cokali ko ruwa a baki. In ya wuce minti 5, a garzaya asibiti. Mai juna biyu kuma kada ta bar magani da kanta, sai ta ga likita.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE, riƙe juna muke yi. A zubi mai zuwa, mu tambayi kanmu wace ce ke kulle a ɗaki a unguwarmu saboda wannan ciwo, mu tura mata biyu su gaishe ta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.