Ciwon Idon da Ba Ya Zafi

A ce manomi ne a Faskari, ya fita gona da hantsi sai ya ga kamar ƙudaje na yawo a gabansa. Ya kora, sun ƙi tafiya. Da dare kuma wani haske ya riƙa gilmawa ta gefen idonsa kamar walƙiya, alhali babu hadari. Idon bai yi ja ba, ba ya zafi, don haka zai ce gajiya ce.

Likitan ido kuwa hankalinsa zai tashi. A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani, likitoci na ce masa retina, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Gabansa cike yake da ruwa mai kauri kamar farin ƙwai. Idan shekaru suka ja, ruwan nan kan tsuke ya fizgi tantanin har ya yage, ruwa ya kutsa ta bayansa ya ɓamɓaro shi. Daga nan mutum zai ga duhu na saukowa kamar an saki labule. Kwanaki kaɗan ke raba wanda za a ceto ganinsa da wanda ya makara.

Yanar ido kowa ya san ta a Ƙanƙara da Sabuwa, domin ana ganinta fara fat. Shi ciwon tantanin nan kuwa sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido an haska ciki. Masu ciwon suga da masu sikila, musamman nau'in SC, sun fi shiga haɗari, saboda ƙananan jijiyoyin wurin kan toshe ko su zubar da jini. Ture yanar ido da tsinke, irin na masu maganin gargajiya, shi ma kan jawo wannan ɓarna. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano kusan rabin idanun da aka yi wa aikin yana, ta wannan hanyar aka yi.

Magani akwai. Ƙaramar yagewa ana liƙe ta da hasken lesa. Kumburin da suga ke kawowa ana yi masa allura a cikin ido. Idan tantanin ya ɓamɓaro, sai tiyata: a zuƙe ruwan, a cika gurbin da iskar gas ko man silikon don ya danne shi.

Matsalar ita ce nisa. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ga kuɗin mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanya, sai iyali su ce a bari sai bayan girbi. Jiran nan ne ke cinye ido. Mai suga dai a duba masa ƙuryar ido duk shekara, ko da yana gani garau.