Horar da Kare Ya Zauna, Ya Kwanta, Ya Miƙe: Gaskiya da Ƙanzon Kurege a Ƙasar Kurfai

A Tabla da sauran garuruwan kwarin Dallol Bosso har zuwa Filinge ta ƙasar Kurfai, a jihar Tillaberi, kare yana gadin gida da garke, yana kuma bin mafarauta daji, amma maganganun da ake yaɗawa game da horar da shi sun cakuɗa gaskiya da ƙarya, kuma dabbar ce ke shan wuyar wannan cakuɗewa. Horon da ake nufi a nan shi ne koya wa kare ya sauya tsakanin zama da kwanciya da tsayuwa bisa umarnin maigidansa, ko da akwai tazara a tsakaninsu, domin da wannan ne ake dakatar da shi idan ya tasam ma baƙo, ko yaro, ko akuyar maƙwabci.

Maganar farko ita ce wai karen gida ba ya ɗaukar horo, sai karen Turawa irin na 'yan sanda. Wannan ba gaskiya ba ce. Dallol Bosso ci gaba ne na tsohon kwarin Azawak, wanda da sunansa ake kiran dogon karen nan mai siririn ciki na Buzaye, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a cikin jinsunan da take yi wa rajista a 2019. Abin da ke daidai a cikin maganar shi ne karnukan farauta na Sahel sun saba yanke shawara da kansu a fagen gudu, saboda haka sukan gaji da maimaici da wuri fiye da jinsunan da aka daɗe ana zaɓa don aiki kusa da mutum, kuma gajeren darasi na 'yan mintoci ya fi dacewa da su.

Ana kuma cewa dole a ba da umarni da Faransanci, wataƙila don da shi ake jin masu horar da karnukan jami'an tsaro suna yi. Kare bai san nahawun kowane harshe ba. Yana haɗa sauti ne da abin da ya biyo bayansa, kamar yadda binciken Ivan Pavlov a Rasha da na B. F. Skinner a Amurka suka bayyana. Don haka Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci duk suna aiki, muddin kalma guda ce ga aiki guda, kuma mutanen gida ba su sassauya ta ba. Wani bincike da aka yi a birnin Napoli na Italiya a 2016 ya ma nuna cewa idan alamar hannu da kalmar baki suka saɓa, karnuka sun fi bin hannun.

Magana mafi cutarwa ita ce wai sai da bulala da yunwa, ko barkono a cikin abinci, kare yake gane maigida. Barkono ba ya ƙara wa kare basira ko jarumta, yana ƙona masa baki da ciki ne kawai. Ra'ayin cewa dole mutum ya murƙushe kare kamar shugaban garken kyarkeci ya samo asali ne daga lura da kyarketai da aka tsare a gidan namun daji, kuma masanin nan David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya gyara shi a 1999 bayan ya ga cewa garken daji iyaye ne da 'ya'yansu. Wani bincike na Jami'ar Porto a 2020 ya samu alamun firgici mafi yawa a jikin karnukan da aka horar da tsawa da fizgar igiya, idan aka kwatanta da waɗanda aka horar da tukuici.

Hanyar da ta tabbata ba ta da tsada. Mai horo yakan riƙe ɗan guntun nama ko busasshen kifi a gaban hancin kare, idan ya ɗaga shi sama zuwa bayan kai sai kare ya zauna, idan ya sauke shi ƙasa tsakanin ƙafafun gaba sai ya kwanta, idan ya janye shi gaba daidai da hanci sai ya miƙe, kuma tukuicin yana zuwa ne nan take, domin jinkiri yana sa dabbar ta kasa gane abin da aka saka mata a kai. Bayan motsin hannu ya zauna mata sai a shigo da kalma, a riƙa rage abincin, a kuma riƙa sauya jerin umarnin don kada ta haddace shi, sannan a ƙara tazara taki-taki. Karen da ya ƙi kwanciya a kan rairayin bazara mai zafi ko a cikin ƙarangiya ba taurin kai yake yi ba, don haka sanyin safiya da wuri mai tsabta sun fi dacewa.

Game da shekaru, gaskiya ne kwikwiyo ya fi saurin ɗauka, amma tsohon kare ma yana koyo idan aka yi masa haƙuri. Game da addini kuwa, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo idan an ambaci sunan Allah, hadisi ya yi rangwamen riƙe kare don farauta da kiwo da noma, kuma malaman fiƙihu sun siffanta horarren kare da wanda yake tafiya idan an tura shi, yake dainawa idan an tsawata masa.

Akwai iyaka guda da ya wajaba a sani: horo ba ya maganin ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara. Kare mai biyayya ma yana buƙatar rigakafi daga ma'aikatan kula da dabbobi, kuma wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya likita ba tare da jiran alamun ciwo ba.